Kan Jirgin da Ba Ya Ɗaukar Guzuri

Da yawa daga cikinmu mun taɓa tsayawa a bakin dogo muna kallon jirgin ƙasa yana wucewa, waɗansu a Zariya ko Kafanchan, waɗansu kuma a tashar Rigasa ta Kaduna. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne kan jirgi, wato ƙaton injin nan na gaba mai ruri da hayaƙi, wanda yake jan taragu a bayansa. In aka tambayi ɗan aji ɗaya abin da yake tafiyar da shi, zai ce man dizal ne. Bai yi kuskure ba, amma amsarsa da saura. A yawancin kawunan jirgi masu shan dizal, injin ba ya taɓa ƙafafu. Aikinsa shi ne ya juya janareta, janareta ya ba da wutar lantarki, wutar ta bi waya ta shiga waɗansu injunan lantarki da aka ɗaura a ƙasa tsakanin ƙafafu, su kuma su juya su. Irin aikin da injin fanka yake yi ke nan, sai dai bambancin girma. Ashe kan jirgin da muka saba gani ƙaramar tashar lantarki ce mai tafiya, ɗauke da janaretanta da tankin manta duk inda za ta.

To, ga tambayar da wannan darasi ya tsaya a kanta. Tun da wutar lantarki ce take juya ƙafa a ƙarshe, me zai hana a bar janareta da mai a gida, a ja waya a bisa dogo, kan jirgi ya riƙa shan wuta yana tafe? Haka kuwa aka yi, abin da aka samu shi ne kan jirgi mai lantarki. Shi matafiyi ne da ba ya ɗaukar guzuri. Don haka ya fi ɗan'uwansa na dizal sauƙin jiki, ya fi shi ƙarfi, ba ya hayaƙi. Amma inda waya ta ƙare, nan tafiyarsa ta ƙare. Za mu duba ribar da hasarar ta wurin tarihin wuri guda, wato birnin Niyok na Amurka da jihar New Jersey da ke maƙwabtaka da shi, inda jiragen 'yan aiki suke kwaso mutane daga garuruwan kewaye da safe, su mayar da su da yamma.

Hayaƙin da ya rufe fitila

Ba a Niyok aka fara ba. A 1879 Werner von Siemens ya nuna wani ɗan ƙaramin kan jirgi mai lantarki a bikin baje kolin birnin Balin na Jamus, yana jan 'yan kallo a kan dogo mai kewaye na kimanin mita 300. A 1890 aka sa irinsa yana jan taragu a ƙarƙashin birnin Landan, a 1895 kuma a wani ramin jirgi na birnin Baltimore. Sai dai a Niyok ne aka ga abin da ya sa birni ba zai iya zama ba shi ba.

A wancan zamani, duk jirgin da zai shiga tashar Grand Central da ke tsakiyar tsibirin Manhattan sai ya bi ta wani dogon rami a ƙarƙashin titin Park Avenue. Kawunan jirgin masu tururi ne, kwal suke ƙonawa. An bar kafofi a saman ramin don hayaƙi ya fita, amma jirage ɗaruruwa ne suke bi kowace rana, kafofin ba su isa ba. Ran 8 ga Janairu, 1902, da safe lokacin tafiya aiki, wani jirgi da ya kwaso ma'aikata daga wajen jihar Connecticut ya tsaya cikin ramin yana jiran a ba shi hanya. Wani jirgin ya taso daga garin White Plains, ya biyo bayansa a kan dogo ɗaya. Hayaƙi da tururi sun cika ramin. Direba ya wuce fitilun gargaɗi, daga baya ya ce bai gan su ba. Kan jirginsa ya kutsa cikin taragon baya na jirgin da ke tsaye. Mutum 15 suka mutu nan take, 2 suka cika daga baya, da yawa suka ƙone da tururi. Yawancin mamatan mutanen gari ɗaya ne, New Rochelle, waɗanda suka bar gida da safe za su aiki kamar kullum.

Jama'a suka fusata. A 1903 majalisar jihar ta yi doka cewa daga 1 ga Yuli, 1908, ba kan jirgi mai tururi da zai sake bin wannan hanya ya shiga Manhattan. Mu lura da wannan: kamfanin jirgin, New York Central, bai koma ga lantarki don sha'awar sabon abu ba. Doka ce ta sa masa wa'adi, dokar kuwa rayukan mutum 17 ne suka jawo ta.

Babban injiniyan kamfanin, William Wilgus, ya haɗa kai da masana, cikinsu har da Frank Sprague, wanda ya riga ya yi suna wajen sa lantarki ta ja motocin dogo a cikin gari. Suka shimfiɗa ƙarfe na uku a gefen dogo mai ɗauke da wuta bolt 660, kamfanonin General Electric da ALCO suka ƙera kawunan jirgin. An gwada na farko a 1904, aka fara jigilar mutane a ƙarshen 1906. Sabon abu bai zo lami lafiya ba. A Fabrairun 1907 wani jirgi da sababbin kawunan biyu suke ja ya kauce daga dogo a wata kwana a Woodlawn, kimanin mutum 20 suka rasu. Aka koma aka ƙara musu ƙananan ƙafafu gaba da baya don su riƙa bin kwana da sauƙi. Bayan gyaran sun yi ƙarko ƙwarai, domin na ƙarshensu bai bar aiki ba sai a 1981. Akwai kuma ribar da ta biyo baya. Da hayaƙi ya kau, sai aka iya binne dogayen tashar duka a ƙasa, aka rufe samansu, aka gina tituna da manyan benaye a kai. Sabuwar tashar da aka buɗe a 1913 ita ce take nan har yau.

Yadda wuta take kaiwa ƙafa

Hanyoyi biyu ne ake ba kan jirgi wuta. Ta farko ita ce ƙarfe na uku da muka ambata, wanda wani takalmin ƙarfe a gefen jirgi yake shafa. Ta biyu waya ce da ake ratayewa a sama tsakiyar dogo. A rufin kan jirgi akwai wani hannun ƙarfe mai lanƙwasa kamar gwiwa, yana miƙewa ya dafa wayar, yana gogarta yayin da jirgi yake gudu. Ɗalibin da ya riƙe darasinsa na batir da ƙwan fitila zai ce waya ɗaya ba ta kunna fitila, ina ta biyu? Ta biyun ita ce dogon kansa. Wuta takan shigo ta sama, ta yi aikinta, ta sauka ta ƙafafun ƙarfe, ta bi dogo ta koma inda ta fito.

Yanzu mu ɗan yi lissafi, don a nan ne za mu gane dalilin da ya sa dogon layi ya fi son wayar sama. Mun san cewa ƙarfin aiki, wanda ake aunawa da wat, daidai yake da bolt sau amfiya. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, amfiya kuwa yawan wutar da take gudana. Kan jirgin da ake kira ALP-46, wanda kamfanin NJ Transit na jihar New Jersey yake aiki da shi, yana da ƙarfin kilowat 5,300. Kwatankwacin dutsen guga na lantarki 5,300 ke nan an kunna su gaba ɗaya. In za a ba shi wannan ƙarfi ta ƙarfe na uku mai bolt 660, sai an tura masa amfiya kusan 8,000. In ta waya mai bolt 12,000 ne, amfiya 440 da ɗan abu ta isa. In kuwa wayar bolt 25,000 ce, amfiya 212 kawai yake bukata.

Me ya dame mu da yawan amfiya? Wuta in tana bin waya takan ɗumama ta, wannan ɗumi kuwa hasara ne. Hasarar ba daidai da amfiya take ƙaruwa ba: in amfiya ta ninka biyu, hasara ta ninka huɗu, in ta ninka goma, hasara ta ninka ɗari. Shi ya sa layin ƙarfe na uku yake bukatar ƙarfe mai kauri da ƙananan tashoshin wuta kusa da juna, alhali siririyar waya mai bolt 25,000 tana kai wuta nesa kafin a bukaci wata tashar. To me zai hana a sa bolt mai yawa a ƙarfe na uku? Domin yana ƙasa, kusa da dogo, kusa da ƙafar ma'aikaci, kuma wuta mai yawan bolt tana iya tsallake tazara ta cikin iska. Don wannan dalili ne ma hawa rufin tarago, irin wanda aka sha gani a jiragen Legas lokacin cunkoso, ya zama mutuwa a kan layi mai wayar sama. Ba sai mutum ya taɓa wayar ba, matsowa kusa ta isa.

Injin da ke juya ƙafa ba zai iya shan bolt 12,000 kai tsaye ba. Saboda haka abu mafi nauyi a cikin kan jirgi shi ne taransifoma, ɗan'uwan wanda ke unguwarmu, mai sauke bolt. Taransifoma kuwa ba ya aiki sai da wuta mai kai da komowa, wadda littafin fizik yake kira AC, shi ya sa layukan da ke da bolt mai yawa duk irinta suke ɗauka. A kawunan jirgi na zamani, bayan an sauke bolt sai a mai da wutar mai tafiya gefe ɗaya irin ta batir, sannan waɗansu na'urori su sake yanka ta daidai yadda injunan suke so a kowane gudu. Direba hannu kawai yake turawa, kwamfuta ce take auna abin da kowace ƙafa za ta iya ɗauka ba tare da ta zame a kan dogo ba.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne birki. Injin lantarki da janareta abu ɗaya ne, ya danganta da wanda yake juya wani. In jirgi zai tsaya, sai a bar ƙafafu su juya injunan, injunan su zama janareta, gudun jirgi ya koma wuta, wutar ta hau waya, wani jirgin da yake tashi daga tasha a daidai lokacin ya sha. Jirgin 'yan aiki kuwa tsayawa da tashi ne aikinsa, bayan kowane 'yan kilomita. Kan jirgin dizal ma yana iya birki da injunansa, amma ba shi da wayar da zai zuba wutar a ciki, sai ya ƙona ta ta zama zafi.

Ƙetare Kogin Hudson

Tsakanin New Jersey da Manhattan akwai Kogin Hudson mai faɗi da zurfi. Har farkon ƙarni na 20, jiragen kamfanin Pennsylvania a bakin kogi suke tsayawa, fasinja su sauka su shiga jirgin ruwan fito. Haƙa rami a ƙarƙashin kogi ba shi da amfani muddin kan jirgi yana hayaƙi, tun da ba a buɗe kafa a tsakiyar ruwa. Lantarki ce ta buɗe hanyar. A 1910 aka buɗe ramuka biyu, kowane da dogo ɗaya, tare da tashar Penn a Manhattan.

Nan da nan aka ga iyakar sabon kan jirgin. Wuta ba ta wuce 'yan kilomita daga bakin rami ba. Sai aka gina wata tasha a fili, aka sa mata suna Manhattan Transfer, wadda ba titi ko hanyar ƙafa da take kaiwa gare ta. Aikinta shi ne a cire kai mai tururi a sa mai lantarki, ko fasinja ya sauya jirgi. Ba a rufe ta ba sai a 1937, bayan kamfanin ya ja wayar sama mai bolt 11,000 daga Niyok har Washinton, aikin da ya kammala a 1935. Wani ɓangare na wutar layin daga madatsar ruwan Safe Harbor da ke Kogin Susquehanna yake zuwa, kamar yadda tamu take zuwa daga Kainji da Shiroro.

Don wannan layi aka ƙera kan jirgin da ya fi kowane suna a Amurka, GG1. An yi guda 139 tsakanin 1934 da 1943. Tsawonsa mita 24, nauyinsa ya haura tan 200, yana gudun kilomita 160 a awa. Ƙarfinsa na yau da kullum na doki 4,620 ne, amma wajen tashi yakan haura 8,000 na ɗan lokaci. Wannan baiwa ce ta kan jirgi mai lantarki. Na dizal ba ya wuce abin da injin da ke cikinsa ya iya bayarwa, shi kuwa wannan yana da babbar tasha a bayansa, yana iya ɗiba fiye da ƙima muddin bai bari injunansa sun yi zafi ba. Mazaunin direba a tsakiya aka sa shi, saboda a 1934 wani kan jirgi mai mazauni a gaba ya yi karo da babbar mota a mahaɗar hanya, abin ya yi sanadin rai. Mai zane Raymond Loewy shi ya gyara masa fasali, ya ce a haɗa jikinsa da walda ya zama sumul.

Ɗaya daga cikinsu, mai lamba 4876, yana da labari. Ran 15 ga Janairu, 1953, birkin taragun da yake ja ya ƙi kamawa, ya shiga tashar Washinton da gudu, ya fasa shinge, daɓen zauren tashar ya rufta da shi ya faɗa ɗakin ƙasa. Ba wanda ya mutu. Aka yayyanka shi aka fitar, aka kai shi ma'aikata aka sake haɗawa, ya koma bakin aiki har shekara 30.

Da suka tsufa, sai aka mai da waɗansunsu, har da 4876, jan jiragen 'yan aiki a layin da ke bin gaɓar tekun New Jersey. A can ma tsohuwar matsala tana nan. Waya a garin South Amboy ta ƙare, saboda haka kowane jirgi sai ya tsaya, ma'aikata su kwance GG1 su ɗaura kan dizal, fasinja suna zaune suna duba agogo, safe da yamma. NJ Transit ya karɓi tafiyar da jiragen a farkon 1983, a watan Oktoba na shekarar ya sallami GG1 na ƙarshe. Ƙashin jikinsu ya fara tsagewa, kuma man da ke sanyaya taransifomansu an gane guba ne ga mutum da ƙasa. Sauyin kai a South Amboy bai ƙare ba sai a 1988, da waya ta kai garin Long Branch.

Kai ɗaya, ko inji a ƙarƙashin taragu?

A nan mai karatu zai iya tsayar da mu. Yawancin manyan birane, irin su Tokyo da Mumbai da Landan, ba sa sa kan jirgi a gaban jiragen 'yan aikinsu. Sukan rarraba injunan a ƙarƙashin taragun fasinja, jirgi ya ja kansa da kansa. Frank Sprague ne ya fito da dabarar a 1897, wato direba ɗaya ya sarrafa injunan taragu da yawa daga mazauni ɗaya. Irin wannan jirgi ya fi saurin tashi, domin ƙafafu da yawa ne suke tura dogo a lokaci guda, kuma in inji ɗaya ya lalace sauran su kai shi gida. A ganinmu, inda tashoshi suke kusa da juna kuma layin duka wuta iri ɗaya ce, ba gardama, shi ya fi.

New Jersey ma tana da irinsa tun da daɗewa. A Satumban 1930 Thomas Edison, yana tsoho, ya kama hannun tuƙin jirgin farko da ya tashi daga tashar Hoboken a layin kamfanin Lackawanna. To me ya sa daga baya jihar ta karkata ga kan jirgi?

Dalili na farko gado ne. Kamfanoni dabam dabam ne suka gina layukan jihar, kowa da irin wutarsa. Babban layin Niyok zuwa Washinton yana da bolt 12,000 a yanzu, mai kai da komowa sau 25 a daƙiƙa. Tsohon layin Lackawanna kuwa a 1984 aka sauya shi zuwa bolt 25,000, sau 60 a daƙiƙa. A 1996 aka haɗa layukan biyu a Kearny, don mutanen garuruwan yamma su shiga Manhattan ba sai sun sauka a Hoboken ba. Taragun Arrow III masu jan kansu, na shekarun 1970, ba sa iya sauya wuta suna tafe. Kan jirgin ALP-44, wanda kamfanin ABB ya ƙera bisa samfurin ƙasar Suwidin, yana iyawa. Tsakanin wayoyin biyu akwai ɗan guntu marar wuta. In jirgi ya iso, sai kan ya katse wutarsa, ya wuce da sauran gudu, ya sauya mahaɗin taransifoma, ya kama sabuwar wuta. Na ciki ba abin da yake ji, sai dai ya lura iskar sanyi ta ɗan ɗauke.

Dalili na biyu kuɗin gyara ne. Dokar Amurka ta ɗauki tarago mai jan kansa a matsayin kan jirgi, don haka binciken kan jirgi ake yi masa. Duba kai ɗaya ya fi duba taragu goma masu inji sauƙi. Na uku kuma, tarago marar inji ba ruwansa da wanda yake jansa, yau mai lantarki, gobe na dizal.

Akwai wahala ɗaya da kan jirgi ya daɗe da ita, wato in an kai ƙarshen layi sai an kwance shi an zagayo da shi gaba. An magance ta da sa mazaunin direba a taragon ƙarshe. In za a koma, direba ya taka zuwa can ya zauna, kan jirgi ya riƙa turowa daga baya, umarni yana bin waya ta cikin taragu. Da wannan tsari ALP-46 yake aiki. An ƙera 29 a garin Kassel na Jamus a 2001 da 2002, aka ƙaro 36 masu ɗan ƙarin ƙarfi daga 2009, don jan taragu masu hawa biyu da aka fara sawa a 2006. Hawa biyun ma dole ce ta kawo shi: ramukan Hudson ba sa ɗaukar fiye da jirgi 24 a awa ta kowace fuska, tun da ba a iya ƙara jirage sai a ƙara kujeru. Duk da haka gardamar ba ta mutu ba, don a 2018 kamfanin ya ba da odar taragu 113 masu hawa biyu waɗanda waɗansunsu suke da injin kansu.

Inda waya ta ƙare

Har yanzu layuka da yawa na jihar ba su da waya, ramin Hudson kuwa ba ya karɓar hayaƙi. Maganin da aka samo shi ne ALP-45DP, wanda ya fara aiki a 2012. Yana da hannun shafar waya a rufi, yana kuma da injunan dizal biyu a ciki. A ƙarƙashin waya ya sha wuta, inda ta ƙare ya sauke hannu ya tayar da dizal cikin 'yan mintoci, fasinja suna zaune. Da shi ne mutanen layin Raritan Valley suka fara shiga Manhattan ba sauyin jirgi a 2014. Amma mu duba sikeli: ALP-46 kimanin tan 90 ne, wannan kuwa kimanin tan 130, kuma bai kai shi ƙarfi ba. Matafiyi ya koma ɗaukar guzuri, nauyin ya dawo.

Wayar ma tana da nata ciwo. Jan ƙarfe yana miƙewa da zafi, kimanin kashi 17 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri. Waya mai tsawon kilomita 1, in zafi ya ƙaru da digiri 30, ta ƙara rabin mita ke nan. A sababbin layuka akan rataya nauyi a ƙarshen waya ya riƙa janta, ta zauna a miƙe ko da zafi ko da sanyi. Wani sashe na layin da ke shiga Niyok kuwa tsohon ɗauri ne na shekarun 1930, an ɗaure waya tam a jikin turaku. In zafi ya tsananta sai ta saki, hannun jirgi ya sarƙe da ita ya tsinko ta. A watan Yunin 2024 irin wannan matsala ta wuta da waya ta tsayar da jirage sau da dama, dubban ma'aikata suka yi cirko-cirko a tasha. Ran 14 ga Agusta, 2003, da wuta ta ɗauke a arewa maso gabashin Amurka da wani yanki na Kanada, jiragen lantarkin birnin suka tsaya cik inda suke. A Oktoban 2012 kuma guguwar Sandy ta tura ruwan gishiri cikin ramukan Hudson biyu, gishirin ya zauna yana cin kankare da wayoyi. Ba a iya rufe su a yi gyara mai tsawo sai an sami madadi, shi ya sa aka fara aikin sabon rami a 2023.

Mu kwatanta da abin da muka sani don mu ga girman bukatar. In kawunan ALP-46 guda 65 da aka saya suka ja iyakar ƙarfinsu a lokaci ɗaya, za su sha sama da megawat 340. Madatsar Kainji, in duk injunanta suna aiki, megawat 760 take bayarwa. Gaskiya ne ba sa ja gaba ɗaya, amma lissafin ya nuna cewa wanda zai sayi kan jirgi mai lantarki sai ya fara tanadin wutar da ba ta ɗaukewa. Mun ga haka a gida. Jirgin Blue Line na Legas, mai tafiyar kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, taragu ne masu jan kansu da ƙarfe na uku mai bolt 750. Da aka fara ɗaukar fasinja ran 4 ga Satumba, 2023, wutar layin ba ta gama shiri ba, sai aka ɗaura musu kan jirgin dizal ya yi ta jansu har cikin watan Oktoba.

Ga aikin hutu ga 'yan ajin kimiyya. A ce wani jirgi a layi mai bolt 750 yana jan kilowat 1,500 lokacin da yake tashi daga tasha. Ku nemo amfiya nawa take bi ta takalminsa. Sannan ku nemo nawa za ta zama da a ce wayar sama ce mai bolt 25,000, ku kuma faɗi sau nawa hasarar zafi za ta ragu in wayar da ƙarfen suna tare wuta daidai da juna. A kawo amsa a makon farko na zango mai zuwa, tare da yadda aka bi aka same ta.